Shekara 45, Aiki Ya Ƙare: Daga Ina Ake Farawa?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar iyayenmu da yayyenmu zan yi, mutanen da suka kai shekara 40 zuwa 55 suka wayi gari aikin da suka sani ya ƙare, ko kuma su ne suka gaji da shi. Kullum muna kukan rashin aiki ga wanda ya gama bautar ƙasa, kuma kukan yana da hujja. Amma sabon mai digiri cikinsa ɗaya ne. Magidanci ɗan shekara 45 yana da baki takwas ko goma da zai ciyar, ga kuɗin makaranta, ga haya, ga tsofaffi a ƙauye suna jiran aike.

Ni a gidanmu na ga abin. Babanmu mai gyaran injinan saƙa ne a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. Waɗanda ba su san tarihin ba, tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe babbar masaƙa ta farko a garin, wasu suka biyo baya, har unguwanni suka rayu da jiniyar tashi daga aiki. Daga baya rashin wutar lantarki, tsofaffin injina da atamfar waje mai arha suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. Ina firamare aka rufe tasu. Yana da shekara 44.

Kuma ba masaƙa kaɗai ba ce. A 2005, bayan Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ce sai kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa suka koma gida. A jihar Kaduna, bayan jarrabawar gwaji ta 2017, an sallami malaman firamare sama da 21,000. Ko ba a kori mutum ba, dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya fara aiki yana ɗan 20, yana 55 zai yi ritaya, da ƙarfinsa, autarsa ko sakandare ba ta gama ba.

To me ke faruwa bayan nan? Abu na farko da na gani shi ne jira. Babanmu ya yi kusan shekara biyu yana cewa ai za a sake buɗewa. Kullum da safe ya yi wanka, ya sa kaya, ya tafi majalisar tsofaffin abokan aiki a ji ko akwai labari. A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Yanzu na gane mutumin da aka shekara 20 ana kiransa da sunan aikinsa, in aka ƙwace aikin, kamar an ƙwace masa suna ne. Kunyar a gan shi yana wata sana'a ta fi yunwa ciwo.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne wallahi ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Ɗan abin da ya samu na sallama da na adashe, ya haɗa ya sayi tsohuwar bas ya ba direba. Bai taɓa harkar mota ba. Wata uku na farko balas yana zuwa, daga nan sai labari: yau giya ta lalace, gobe an kama mota, jibi babu fasinja. Kafin shekara aka sayar da ita rabin kuɗi. Da ragowar ya buɗe shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Mu muka cinye shagon nan, ni da ƙannena, da maƙwabta masu “rubuta min zuwa ƙarshen wata”. Mutumin da ya saba albashi bai saba raba uwar kuɗi da riba ba, duk abin da ke cikin aljihun tebur gani yake nasa ne.

Ku lura, kuɗin sallama sau ɗaya suke zuwa a rayuwa, kuma kowa ya san sun zo. Ranar da garatuti ya faɗo, ranar ake samun masu shawara. 'Yan damfara ma sun san wannan. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kuma duk salonsu ɗaya: kawo kaza, bayan wata guda ka karɓi riba mai tsoka. Wanda bai da albashin gobe shi ya fi saurin yarda, don yana neman abin da zai maye masa gurbin ƙarshen wata.

Akwai wani abu a dokar fansho da mutane da yawa ba su sani ba. A tsarin da aka fara a 2004 aka sabunta a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya zuba aƙalla kashi 10, a asusu mai sunan ma'aikacin, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Idan mutum ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Sai dai duk abin da aka cira yau, fanshon tsufa ne aka rage. Ra'ayina, in za a taɓa shi, a taɓa shi don kayan aikin sana'ar da aka riga aka gwada, ba don gwaji ba. Kuma ba kowace jiha ce ta shiga tsarin ba, sai mutum ya bincika nasa.

Yadda Babanmu ya farfaɗo ba wani abin mamaki ba ne. Injin niƙan unguwarmu ne ya lalace, ya ce bari ya duba, cikin awa guda ya tashi. Mai injin ya ba shi ɗan wani abu, ya ƙi karɓa, wai shi ba bakanike ba ne. Mamanmu ce ta ce masa, “Malam, to me kake yi a masaƙar in ba wannan ba?” Ashe duk shekarun nan yana neman sabuwar sana'a, alhali tsohuwar tana hannunsa, suna kawai za ta canza. Injin saƙa ya tafi, amma kunnen da ke jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake bai tafi ba.

Wannan ita ce tambayar da nake ganin ya kamata a fara da ita: a cikin tsohon aikin nan, me hannunka ko kanka ya iya wanda wani zai biya kuɗi a kai? Malamar firamare ta iya riƙe yara 60 ta koya musu karatu, ga iyaye suna neman mai darasin yamma. Tsohon ma'aikacin banki ya iya lissafin shiga da fita, ga 'yan kasuwa a Kwari da Singa da ke juya miliyoyi a littafi ɗaya. Sojoji sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke da cibiya a Oshodi, Legas, inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'a kafin su ajiye kaki. Farar hula kuwa yawanci takarda kawai ake miƙa masa.

Amma fa sai da ya koma ɗalibi. Janareta da injin ban ruwa ba injin saƙa ba ne. Ya je Panteka ya zauna a shagon wani da ya girme wa da shekara 15, yana miƙa masa sifana, yana ce masa Oga. Ya ce min watan farko, in ya hango wanda ya sani sai ya sunkuyar da kai cikin inji. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a faɗin yadda gemun ke jin nauyi. Wata takwas ya yi a wurin. Mai son takarda kuma, ga jami'ar NOUN da ake karatu daga gida, ga hukumar NDE mai koyar da sana'o'i, kodayake samun gurbi a shirye-shiryen gwamnati sai an bi sawu.

Mu 'ya'ya kuma muna da laifinmu. Ni kaina akwai lokacin da a makaranta in an tambaye ni aikin Babanmu sai in ce “tsohon ma'aikacin masaƙa ne”, don kar in ce mai gyaran janareta. Da kuɗin janaretan nan aka biya min jami'a har na gama. In babanka ko mamarka na cikin wannan hali, kar ka zama na farkon mai cewa “me mutane za su ce”. Zauna ka duba musu asusun fansho a waya. Buɗe musu littafin shiga da fita. In wani ya zo da harkar ninka kuɗi, kai ne za ka bincika, don kai ka fi su sanin intanet. Kuma a fara da kaɗan, abin da in ya nutse gida ba zai nutse tare da shi ba.

Yanzu Babanmu ya wuce 60. Rumfarsa ƙarama ce, yara uku ne a ƙarƙashinsa, lokacin noman rani kuwa manoman fadama har layi suke yi da injinan ban ruwa. Bai yi kuɗi ba, gaskiya, kuma har yau in mun bi ta Kakuri ba ya son kallon ginin. Ni nake riƙe masa lissafi a waya duk ranar Juma'a, kuma har yanzu muna faɗa a kan bashi, don ya kasa ce wa tsofaffin abokan aikinsa a'a.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki ɓangaren iyayenmu mata, waɗanda suka koma aji ko kasuwa bayan sun aurar da 'ya'ya. Sai mun haɗu, wassalam.