Makon marka a Abuja: Ruwa na bin tsohuwar hanyarsa ta cikin gidaje da titunan ma'aikata

A makon da marka ta sauka a Abuja, ma'aikacin da ke shirin tashi daga Sakatariyar Tarayya da ƙarfe huɗu na yamma yakan leƙa taga kafin ya dubi agogo. Idan hadari ya haɗo daga gabas ya lulluɓe kan Dutsen Aso, ya san tafiyar da ya saba yi cikin ƙasa da sa'a guda zuwa Lugbe ko Kubwa ko Mararaba tana iya kai shi bayan sallar isha'i. Wani yakan yi hanzarin fita ko ya riga ruwan isa gida, wani ya koma kujerarsa ya jira a ɗauke. Wanda ya fita yana fargabar abin da zai tarar a hanya, wanda ya zauna kuma hankalinsa na kan iyalin da ya bari a gidan haya a bakin rafi.

Daminar Abuja takan fara ne a watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,100, wani lokaci ya kusa 1,600. Mafi nauyinsa yana zuwa tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ake jera kwanaki rana ba ta leƙo sosai ba, tufafi su ƙi bushewa a kan igiya, ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi. A irin wannan mako ne ruwan sa'a biyu, wanda da a farkon damina ne ƙasa za ta shanye shi, yake zama ambaliya.

Birni tsakanin duwatsu da rafuka

Abuja ba ta zauna a bakin babban kogi ba kamar Lokoja ko Makurdi, inda ruwa ke hawa sannu a hankali har mutane su ga zuwansa. Gari ne na tuddai da duwatsu, da ƙananan rafuka masu yawa a tsakaninsu, irin su Wupa da Jabi, da kogin Usuma wanda ke kai ruwansa Gurara, ita kuma ta kai shi Neja. Da rani wasu daga cikin rafukan nan yaro ma yana tsallake su. Amma idan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan tudu, dutse ba ya sha, gangara kuma ba ta jira. Cikin ɗan lokaci rafin ya cika ya tumbatsa, ya yi ɓarnarsa, bayan 'yan sa'o'i ya janye ya bar laka. Sau da yawa unguwar da ruwan ya ci ba ita ce aka fi yi wa ruwan sama ba, daga sama aka gangaro mata da shi.

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare guda, fili mai murabba'in mita 500 ya karɓi lita 25,000 ke nan. Lokacin da filin yake daji ko gona, ƙasa da ciyawa kan riƙe kaso mai yawa. Da zarar an yi gini, aka rufe shi da kwano, aka dabe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, kusan duk ruwan nan waje zai fita. A tara gidaje dubu irin wannan a kan tudu ɗaya, sannan a dubi faɗin kwalbatin da aka tanada a ƙasansu.

Waɗanda suka zana birnin sun san da haka. Bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1976 ta samar da Babban Birnin Tarayya, taswirar da aka kammala a 1979 ta keɓe kwaruruka da bakin rafuka a matsayin wuraren shuke-shuke da shaƙatawa, domin ruwa ya sami inda zai bi. Unguwannin kashin farko, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, an shimfiɗa musu tituna da manyan magudanan ruwa kafin jama'a su cika su. Bayan dawowar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, yawan jama'a ya riƙa gudu, aikin shimfiɗa kayan more rayuwa yana tafiya a ƙasa. A sababbin unguwanni da dama gidaje ne suka riga magudanan ruwa zuwa.

Ma'aikacin gwamnati yana tsakiyar wannan labari. Tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi da aka ɓullo da shi a 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya daga 2005, sun sa duk wanda aka ɗauka aiki daga baya dole ya nemi muhalli a kasuwa. Kuɗin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin albashin matsakaicin ma'aikaci, sai aka fantsama Lugbe da Lokogoma da Kubwa da Gwagwalada da Kuje, wasu har Suleja a Jihar Neja ko Mararaba a Jihar Nasarawa. A can ɗin ma, gidan da ya fi araha sau da yawa shi ne wanda ya fi kusa da rafi, kuma dillali da rani yake kai mutum ganin gida.

Abin da shekarun baya suka nuna

A watan Agusta 2017, ruwa ya tafi da wata mota a Lokogoma, wani magidanci da 'ya'yansa biyu suka rasu. Shekara biyu bayan haka, a farkon Agusta 2019, ambaliya ta rutsa da motar daraktan kuɗi na Babbar Kotun Babban Birnin Tarayya a kusa da shataletalen Galadimawa. Direbansa ya tsira, shi kuwa ruwa ya tafi da shi. Labarin ya girgiza ma'aikata ƙwarai, domin hanya ce da dubbansu ke bi kullum zuwa ofis ko filin jirgin sama, kuma mutumin babban jami'i ne a cikin mota mai ƙarfi. A damunan baya-bayan nan, hukumar ba da agajin gaggawa ta birnin, wadda aka fi sani da FEMA, takan datse ƙaramar hanyar da ke wannan mahaɗa har sai ruwa ya ja baya.

Babu inda ya zama abin misali kamar rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, a kan hanyar filin jirgin sama. A watan Satumba 2021 ruwa ya shiga rukunin da dare, aka rasa rayuka, motoci da gidaje da dama suka lalace. An rushe wasu gine-gine da aka ce suna kan hanyar ruwa, amma ranar Juma'a 23 ga Yuni 2023 ruwan ya dawo da safe, ya haɗiye motoci, FEMA ta ce gidaje 116 ne abin ya shafa. 'Yan kwanaki bayan nan hukumar gudanarwar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Daga nan aka shiga jayayya. Jami'ai na cewa an yi gini a kan hanyar ruwa, don haka sai an kawar da shi. Mazauna kuma, waɗanda da yawansu tarin shekarun aikinsu ko bashin banki suka zuba a gidajen, suna cewa ruwan daga wasu unguwanni yake taruwa a kansu, kuma faɗaɗa magudana da kwalbatoci ne magani. Maganar ta kai har kotu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai damina ba ta jiran ranar da za a yanke hukunci.

Ruwan marka yana kuma yin ɓarnar da ba ta zo da ambaliya ba. A daren 23 ga Agusta 2023, ana tsakiyar ruwa, wani bene mai hawa biyu ya rufta a titin Legas da ke ƙauyen Garki. Mutum biyu suka rasu, aka ceto 37. Tsohon gini ko katangar da ba a yi wa tushe mai kyau ba, idan ta kwana bakwai tana shan ruwa, ƙaramin dalili ya ishe ta.

Iskar da ke gaban ruwa

Iska mafi ƙarfi takan zo ne a farkon damina da kuma ƙarshenta, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas a jere, ya turo guguwa da ƙura a gabansa kafin ɗigon farko ya sauka. Ita ce ke yaye kwanon rufin makarantu, ta karya allunan talla a manyan tituna, ta tsinke wayoyin lantarki har unguwa ta kwana biyu a duhu. A tsakiyar marka iskar ba ta cika kai wannan ƙarfi ba, amma ƙasa ta riga ta yi laushi, saiwar bishiya da gindin falwaya ba su da abin riƙewa. Itatuwan da suka ƙawata titunan Garki da Wuse da Maitama sun girma, wasu sun tsufa, kuma inuwarsu ce wurin da ma'aikata suka fi son ajiye mota. A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ma, tsawa da iska kan jinkirta tashi da saukar jirage, abin da duk hadimin da ke tsara tafiyar maigidansa a wannan lokaci ya kamata ya sa a lissafi.

Akwai kuma ruwan da ke taɓa Abuja ba tare da ya shigo ta ba. A 2012, da kuma Oktoban 2022, ambaliyar Neja da Binuwai ta shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja. A karo na biyun tankokin mai sun maƙale kwana da kwanaki a wajen Koton Karfe, layukan mai suka dawo gidajen man birnin. Ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba sama da miliyan 1.3 da muhallinsu. Ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumba 2024, da ambaliyar Mokwa a ƙarshen Mayu 2025, sun ƙara nuna cewa lamarin ba na yanki ɗaya ba ne. Masana yanayi sun daɗe da bayyana cewa duk ƙarin zafin digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, wanda ke nufin ruwa mai yawa cikin ƙanƙanin lokaci.

Gargaɗi yana fita, wa yake kai wa?

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwana uku-uku a kai a kai. Hukumar kula da al'amuran ruwa, NIHSA, tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. NEMA da takwararta ta birnin suna da ma'aikatan ceto, lambar kiran gaggawa kuma ita ce 112. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin takardar hasashen da matakin da ake ɗauka a ofis da unguwa. Sanarwar da ta ce za a yi ruwa da tsawa a yankin tsakiyar ƙasa ba ta faɗa wa mai komawa Lokogoma wace gada zai guje wa ba. Kwalbatin da leda da robobin ruwa da ɓaraguzan gini suka toshe shi ma sai an sa hannu a yashe shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kaso na maganin yana hannun ma'aikatu kansu. Shugaban sashen da ya ga hasashen ruwa mai ƙarfi zai iya sallamar masu zuwa daga nesa da wuri, ko ya ɗaga taron yamma, ko ya yi uzuri ga wanda ya makara saboda ya tsaya ruwa ya janye. Batun direbobi da hadimai ya fi kowanne tsanani. Direban da maigidansa ke duba agogo a kujerar baya, yana tuna masa jirgin da zai tashi, da wuya ya iya cewa ba zai shiga ruwa ba. Alhali ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya har da manyan motocin alfarma. Da dare ba a ganin zurfinsa, ba a kuma sanin ko kwaltar da ke ƙasa tana nan. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara; jami'in da ya faɗa wa direbansa tun kafin a fita cewa yana da iznin juyawa ya ceci ransa da na direban.

A gida ma akwai abin yi. Mai neman haya zai amfana da komawa ganin gidan bayan an yi ruwa, ya dubi shatar laka a jikin katanga, ya tambayi mai shago da mai gadin unguwa, domin su ne ba su da riba a ɓoye masa. Takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma da shaidar karatu da na fili su zauna a wuri mai tsayi cikin abin da ruwa ba ya ratsawa, a kuma ajiye hotunansu a waya. Idan ruwa ya fara shigowa, a kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a fara kwashe kaya. Bayan ya janye, a tafasa ruwan rijiya kafin a sha, saboda ambaliya kan haɗa shi da na masai, daga nan ne amai da gudawa ke samun ƙofa. Mai mota kuma ya sani cewa inshorar naira 15,000 da yawancin mutane ke yanka ɓarnar da ya yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan motarsa idan ruwa ya ci ta.

Zuwa ƙarshen Oktoba ruwa zai ɗauke, rafukan Lugbe da Lokogoma su koma 'yan siraran kwatoci, ƙurar hunturu ta rufe shatar da laka ta bari a bango. Watanni biyar ko shida na rani da ke biyo baya su ne lokacin yashe magudana, faɗaɗa kwalbati, sare rassan da suka tsufa da warware shari'ar filayen bakin rafi. Su ne kuma watannin da dillalai ke kai sababbin ma'aikata ganin gida.