Idan kwamfutar hannu ta daskare ta ƙi kashuwa: ku bi a hankali kafin a goge muku komai

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, iyalai da yawa da suka iso Gallabat da sauran sassan jihar Gadarif sun zo da kwamfutar hannu ko waya ɗaya tak. A cikinta ake ajiye hotunan takardu, lambobin 'yan uwa, saƙonnin WhatsApp da manhajar Bankak ta karɓar kuɗi. Idan fuskarta ta tsaya cak, kuna taɓawa ba ta amsawa, yawanci ba lalacewa ta yi ba. Tilasta mata ta sake tashi ba ya goge komai. Abin da ke gogewa shi ne mayar da ita sabuwa, wanda masu gyara ke kira filashin.

Da farko, ku bar ta ta huce

Kamfanin Apple ya ce na'urorinsa suna aiki daidai ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali zafin Gadarif a Maris da Afrilu yakan haura 40. Ku cire mata riga, ku ajiye ta a inuwa kamar rabin awa. Kada a sa ta a ruwa ko kusa da ƙanƙara.

Sannan ku tilasta mata ta tashi

Samsung: ku danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti, ku riƙe fiye da daƙiƙa 7.

Tecno, Itel, Lenovo da makamantansu: ku riƙe maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30, kada ku saki da wuri.

iPad mai zagayayyen maɓalli a ƙasan fuska: ku riƙe shi tare da maɓallin sama har tambarin tuffa ya fito.

iPad marar wannan maɓalli: ku danna maɓallin sautin da ke kusa da na sama ku saki, ku danna ɗayan ku saki, sai ku riƙe na sama har tambarin ya bayyana.

Idan fuskar ta yi baƙi, ku duba caji

Batirin da ya ƙare ƙaf yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna alama. Ku jona ta aƙalla minti 30, ku gwada wata wayar caji da wani kan caja. Cajin sola yana yin rauni da hadari ko da yamma. Ku leƙa ramin caji, domin ƙura kan toshe shi. A share da tsinken itace a hankali, ban da allura.

Inda ya kamata ku tsaya

Wani lokaci baƙin shafi mai rubutun Turanci yakan fito. “Reboot system now” sake kunnawa ne kawai, ba matsala. “Wipe data/factory reset” kuwa yana share komai, kuma bayansa na'urar za ta nemi asusun Google na dā da kalmar sirrinsa. Wanda ya manta su zai iya rasa na'urar baki ɗaya.

Idan bayanta ya kumbura ko fuskar ta ɗago, batir ne ya lalace kuma yana iya kamawa da wuta. Kada a yi mata caji, a fitar da ita daga tanti ko bukka, nesa da yara.

Kafin ku kai wa mai gyara

Ku cire layi da memori. Ku faɗa masa ƙarara kada ya yi filashin sai da izininku. Kada ku ba kowa lambar sirrin Bankak, gyara ba ya bukatar ta.

Da zarar ta tashi, ku rubuta muhimman lambobin waya da lambar rajistar iyali a takarda, ku tura hotunan takardunku ga ɗan uwan da kuka amince da shi. Idan hotunan sun riga sun ɓace, ku zo teburin taimako na hukuma. Ba a biyan ko sisi.