Sinadaran da ke Raya Ƙwaƙwalwar Jariri Tun Yana Ciki

Uwargida mai juna biyu, ƙwaƙwalwar jaririnki tana fara ginuwa tun kafin ki tabbatar kin samu ciki. Cikin kwana 28 na farko ne tushen ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ke haɗuwa. Daga nan ƙwayoyin jijiya su yi ta yawaita.

Jiki yakan ƙera ƙwayoyin fiye da yadda ake bukata. Kowace ƙwaya tana miƙa zarenta zuwa inda za ta yi aiki, kamar fata ko tsoka ko wani sashe na ƙwaƙwalwa. A can take samun wani furotin da likitoci ke kira niyurotirofin. Wadda ta samu ta rayu, wadda ta rasa ta mutu, kamar yadda manomi ke rage gero bayan tsiro domin sauran su yi ƙarfi. A wasu sassan, kusan rabin ƙwayoyin ne ke tafiya haka, kuma ba cuta ba ce.

Iri huɗu ne a jikin ɗan Adam: NGF, BDNF, NT-3 da NT-4. Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen ɗan Amurka ne suka gano NGF, aka ba su kyautar Nobel a 1986. Shi BDNF yana ƙarfafa mahaɗar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, inda koyo da riƙe abu ke samuwa.

 Jikin jariri ne ke yin waɗannan sinadarai, amma yana bukatar taimakonki:

1. Ki fara awon ciki da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa akalla sau 8.

2. Ki sha ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Bincike a kan dabbobi ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe yana rage BDNF a ƙwaƙwalwar da ke girma.

3. Ki ci wake, ƙwai, kifi da zogale, ki yi girki da gishiri mai aidin.

4. Ki guji dalma. A 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, kuma kwalli na dutse yakan ƙunshe ta. Kada a sa wa jariri.

5. Bayan haihuwa, nono zalla har wata 6. Ki riƙa yi masa magana da wasa, domin mahaɗar da ake amfani da ita ce ke ƙarfi.

Maigida, kai ma da naka aikin: kuɗin mota zuwa awo, cefane mai gina jiki, da kwanciyar hankali a gida. Ko kuna Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Badarawa, kada a jira sai ciki ya tsufa. A zo sashen awon ciki na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibiti mafi kusa.

Allah ya sauke ku lafiya.