Mota mai isansi da batir: abin da mai saye za shi duba

Bayan kaka, in anka saida wake da gujiya da riɗi, kuɗi kan shigo hannun mutanen Kona. Wani shi sayi shanun huɗa, wani kwanon ruhin ɗaki. Ƴan kasuwa da masu komowa daga ci-rani kuwa, akwai waɗanda zancen mota ke ransu. Cikin ƴan shekarun nan ana jin sunan wata iri da ake ce ma "ibirid". Masu tallarta suna cewa ba ta shan mai. Da gaskiya cikin maganar, amma akwai sauran da ba su faɗi.

Wagga mota ƙarhi biyu gare ta. Akwai inji mai shan isansi kamar na kowace mota, akwai kuma injin lantarki da babban batir wanda anka ɓoye wajen kujerar baya. Kamfanin Toyota na Japan shi ya fara hidda ta kasuwa da yawa cikin 1997, da sunan Prius. In ana tahiya sannu, lantarki ke tura ta. In anka hau hanya, isansi shi karɓa. In direba ya taka birki, ƙarhin da ke ɓacewa ga sauran motoci ita tana maida shi cikin batir. Irin wadda ta hi yawa ba a jona ta ga wuta. Ke nan ko garin da babu wutar Nigelec, ba wannan ba ne abin damuwa.

Dalilin da ya sa jama'a ke sauraron zancen sananne ne. Shekaru da yawa ƙasar Tasawa da Mayahi da man Najeriya na kwalba take tahiya, don arha. Ranar 29 ga watan Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallahin mai, kwalba ta yi tsada, mutane sunka koma ga man Soraz, matatar Damagaram da anka buɗe cikin 2011. Cikin watan Yuli 2024 anka rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499. Sai ga shi cikin watan Maris 2025 mai ya yi wuya, motoci da babura sunka yi layi gidajen mai. Wanda ya ga haka, dole shi so motar da ke wadatuwa da kaɗan.

To, a yi lissahi. Prius mai lahiya tana shan kamar lita 5 ga kilomita 100. Ƙaramar mota tsohuwa irin wadda anka saba, kamar lita 8. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne, zuwa da komowa 240. Ɗaya ta sha lita 12, ɗaya lita 19. Bambanci lita 7, watau jika 3 da rabi bisa kuɗin lita na 2024. Mai yin wagga tahiya sau ɗaya kowane mako, za shi tsira da kamar jika 180 a shekara. Ba ƙaramin abu ba ne, amma a riƙe wanga lissahi don a aza shi kusa da kuɗin batir.

Batir shi ne kan magana duka. Na Prius ɗin 2004 zuwa 2009 ƙananan batura 28 ne anka jera, ƙarhinsu ya kai bolti 200. Ga motocin wancan lokaci, alkawarin da Toyota ya yi ma masu saye a Amurka bisa batir shekara 8 ne ko kilomita 160.000. Da yawa suna wuce haka da lahiyarsu. Amma motocin da ke isowa ƙasar nan tsohin hannu ne, galibi sun haura shekara 10, alkawari ya ƙare tun can. Sabon batir a Amurka shina wuce dalar Amurka 2.000, watau sama da miliyan 1 na sefa, ban da kuɗin kawowa. Ga mai zuwa Maraɗi sau ɗaya a mako, tattalin shekara 6 ke nan ya tahi rana ɗaya. Akwai masu gyara da ke cire ɗaya ko biyu da sunka mutu cikin 28 su sa wasu. Gyaran shina da sauƙin kuɗi, sai dai sauran ma tsararrakin waɗanda sunka mutu ne, ba su daɗewa su bi su.

Abu biyu ke rage kwanan batir, kuma duka biyun akwai su Kona: zahi da ƙura. Cikin Afirilu da Mayu zahi shina wuce 40 ko cikin inuwa. Batir da iskar cikin mota shike shan sanyi. Akwai ƴar taga gehen kujerar baya, da ƙaramar fanka mai jawo iska. Ƙurar hunturu in ta cika fankar, batir shi yi ta dahuwa ba wanda ya sani. Haka in anka jibga buhun hatsi ko kayan kasuwa anka toshe tagar, kuma kowa ya san yadda ake loda mota ranar kasuwa. Mai wagga mota dole shi riƙa share fanka, shi aje ta inuwa, shi kunna na'urar sanyi in rana ta take. Ba ta son dogon zama kuma. Wanda za shi ruhe ta wata 5 shi tahi ci-rani, shina iya tarar da batir ya kwanta.

Sai hanya. Wagga mota ta hi riba cikin birni, inda ake tsayawa ana tashi, kamar Yamai ko Maraɗi. Bisa gudaro tana yi sosai. Amma tsakanin cikin Prius da ƙasa kamar santimita 14 ne, Hilux kuwa ta wuce 20. Hanyoyin ƙauyukan Kona da Korgom da na arewacin Mayahi, rairayi ne da sawun amalanke. Tsohuwar Prius in tayarta ta fara juyawa cikin rairayi, ita da kanta take rage ƙarhi don tsaron injinta, sai ta zauna. Da damina kuma, ruwan da ya kai ƙarƙashin kujera ya kai ga batir. Akwai masu dogon ƙafa irin RAV4 ibirid, amma kuɗinsu daban ne.

In ta lalace a daji, dabarun da anka saba ba su yi. Ba a tura ta ta tashi. Jan ta da igiya tahiya mai nisa, tayoyin gaba suna ƙasa, shina iya ɓata injin lantarki. Sai an ɗaga gaba ko a aza ta bisa babbar mota. In isansi ya ƙare, kada direba shi ce bari in ƙarasa da lantarki. Ba ta wuce kilomita 1 ko 2, kuma babban batir shi ke tada inji: in ya zube ƙaf, ko an zuba mai ba ta tashi sai an samo na'ura ta musamman. Wayoyin da ke da kalar lemu kuwa, wutar da ke cikinsu tana kisa. Yaron gareji da ya saba taɓa batir mai bolti 12 da hannu, a hana shi kusantarsu.

Saboda haka, tun kahin a yi ciniki, mai saye shi nemi bakaniken da za shi riƙa duba mishi ita, shi san garin da shike. In sai Maraɗi ko Damagaram ko Kano, shi sa kuɗin zuwa can cikin lissahi. Shi tambayi inda ake samun kayan gyara da kwana nawa suke yi a hanya, don tun da anka ruhe iyaka da Benin cikin 2023 kaya da yawa sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Ranar saye, kada a yarda da kewaya hili sau ɗaya. A kai ta ga mai kwamfutar duba mota, shi karanta ƙarhin baturan ɗaya bayan ɗaya. In wasu sun yi ƙasa da ƴan uwansu, alama ce. A yi tahiyar rabin awa da ita ana kallon allon gaban direba. In ma'aunin batir shina cika maza shi zube maza, ko inji ya ƙi hutawa an tsaya, ko fanka tana kuka baya, batir ya gaji. A duba shekarar da anka ƙera ta, don ma'aunin kilomita ana juya shi baya. Daga nan a ga takardar duwan da ta mallakar mota, a gwada lambar da ke rubuce da wadda ke jikin ƙarhe, sannan a ƙirga kuɗi gaban shaidu.