Hawassi Biyar da Abin da Ke Bayansu

Malaman da suka gabata sun ƙidaya wa ɗan Adam hawassi biyar, wato ji da gani da shaƙa da ɗanɗano da shafa, kuma Imamu Gazali, a cikin littafinsa Munƙizu Minad Dalal, ya yi tanbihi cewa ko ganin, wanda ya fi sauran ƙarfi, yakan yaudari mai shi, tunda yana nuna masa tauraro ɗan mitsitsi alhali ya fi ƙasa girma. Mai neman hujja a kan wannan gajiyawa ba sai ya yi nisa ba, domin gefen tabkin Madarumfa, kudu da Maraɗi, ya wadatar da shi.

Idan damina ta zauna, Gulbin Gabi ya kwararo da jar laka, ruwan yakan gurɓace har masunci ya tsoma hannu ya kasa ganin yatsunsa. Amma tarwada, wadda Allah Ya shimfiɗa mata ɗanɗano a gashin baki da fatar jiki, Ya kuma ja mata wani layi a gefe mai jin kaɗawar ruwa, tana kiwo a cikin wannan duhu ba tare da ta buƙaci ido ba. Mesa ma tana da 'yan ramuka a leɓe da take jin ɗumin ɓera da su cikin dare.

Sha'anin sauti ya fi wannan ban al'ajabi. Kunnen mutum, ko na matashi lafiyayye, ba ya kama abin da ya gaza girgiza 20 a daƙiƙa, ko ya haura 20,000, kuma a bayan iyakokin nan biyu halittu suna ta hidimarsu. Birbiri, da ke fitowa bayan magariba, yana sakin ƙara a sama da jinmu, ya saurari amsa-kuwwa, ya cafke ƙwaro a iska. Giwa kuwa, irin wadda dattawa suka sani a dajin Baban Rafi kafin gatari da garma su ƙuntata mata, tana gurnani a ƙasa da jinmu. Wata Ba'amurkiya, Katy Payne, ta gano haka a 1984, daga baya kuma aka tabbatar cewa kiran yana ratsa daji kilomita da yawa, shi ya sa garken da ya warwatsu yakan juya lokaci guda, maharbi yana laɓe bai ji ko tari ba.

Sai dai mutane kan wuce gona da iri wajen yabo, su ce ungulu tana jiyo warin mushe daga sama. Wannan zato ne kawai. Ungulun ƙasarmu da ido take farauta, kuma galibi 'yar'uwarta take tsare da kallo, da zarar ɗaya ta sauka sauran su biyo ta.