Yadda Ake Tsara Rubutu Don Sauƙin Karatu

A tashar Unguwa Uku da ke kan titin Zariya a Kano, motar da ke lodi akan ɗora mata ɗan allo a bisa, ɗauke da sunan gari: Kaduna, Zariya ko Abuja. Manyan baƙaƙe ne, babu wani ado. Fasinja na tafe da kaya niƙi-niƙi, 'yan kamasho na ta kwaɗa kira, kallo ɗaya zai yi ya san inda zai nufa. Wanda ya rubuta allon ya yi la'akari da halin da mai karatu zai kasance ciki, kuma daga nan ne tsarin rubutu yake farawa.

Alarammomin Kano sun daɗe da sanin haka. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu yakan yi baƙaƙe da baƙar tawada, ya dawo ya sa wasali da ja, hamza kuma ɗigon rawaya, ta yadda ido ba zai haɗa wannan da wancan ba. Ƙarshen kowace aya akwai 'yan da'irori uku a haɗe. Aya ta biyar tana da alamar da ake kira kumsa, ta goma kuma kuri. A gefen shafi ga zayyanar da ke nuna sumuni, rubu'i, nusufi da izu, har izu 60. Gardin da ya tsaya da tilawa jiya ba sai ya yi lalube ba, gefen takarda kawai zai bi. Da yake warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, akan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don ko sun hargitse a iya mayar da kowace gurbinta. Rubutun marigayi Sharif Bala Gabari ya yi fice wajen tsabta da kaurin baƙi, shi ya sa aka buga shi da yawa ya bazu a makarantun allo.

Boko ya zo da nasa salon. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta saba wa Hausawa da kanun labarai da rubutu a jere cikin siraran layuka.

Yau yawancin karatu a waya ake yinsa, a cikin adaidaita sahu ko a bakin shago a Gyadi-Gyadi. Fuskar waya ba faɗi, layi ba ya ɗaukar kalmomi da yawa, sai sakin layin da ya yi daidai a littafi ya cika ta maƙil. Marubutan littattafan Hausa da ke sakin labarinsu kashi-kashi a WhatsApp sun gano bakin zaren: suna gajarta sakin layi, su ware maganar kowane mutum, su sa lambar shafi a sama. Wasunsu dai kan zarce da jera taurari da furanni, har adon ya danne labarin.