Ƙoto da Fatsa a Gulbin Rima

Masu binciken sana'ar su a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga manyan kayan aiki, irin su taru da birgi da homa, wadda Kanawa ke kira koma. Ba safai akan kula da ƙoto ba, watau abin da ake sa wa ƙugiya ko gura don a yaudari kifi. Alhali kuwa a nan ne sanin masunci ya fi bayyana, gama ba mai iya zaɓen ƙoto sai wanda ya san halin kifin da yake nema.

Birnin Sakkwato yana kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, saboda haka masunta ba su rasa wurin aiki, musamman wajen Kwalkwalawa. Tarwaɗa kifi ce mai kiwo a ƙasan ruwa, tana bin wari, ta fi fita da dare. Don haka akan sa mata tana ko hanjin kaza. Karfasa kuwa ta fi son tsiro da ƙananan abubuwa, shi ya sa ake zuba dusa cikin gura a jawo ta. Giwan ruwa mafarauci ne, ƙaramin kifi mai motsi shi ne ƙotonsa. Wannan hali na kifaye masu farauta shi ne asalin ƙoton roba da na ƙarfe da ake sayarwa a ƙasashen Turai. A shekarar 1936 wani masunci na ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli, don ya riƙa layi cikin ruwa kamar mai rauni. Dabarar ɗaya ce da ta masuncin Rima, kayan ne suka bambanta.

Ba kowane su ne ke bukatar ƙoto ba. Mamari igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa, tana kama kifin da ya gifta. Haka kuma a bikin Argungu, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, homa da gora kaɗai ake shiga ruwan Matan Fada da su. Wannan su ne na taro da ƙarfi. Fatsa kuwa aikin mutum ɗaya ne, jarinsa haƙuri.

Ta hanyar fatsa yara ke fara sanin ruwa. Yaro ya sami sanda da zare da ƙugiya, ya ɗaura totuwa, ya haƙo tana a bakin fadama, ya zauna yana duban totuwar. In ta yi rawa, kifi na taɓa ƙoto. In ta nutse, sai ya fizge. Dattijo yakan manta kifin da ya saya a kasuwa, amma ba ya manta tarwaɗar da ya fara kamawa, ko wadda ta tsinke masa zare, wadda kullum takan ƙara girma wajen ba da labari.

Sai dai gulbin ya sake. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, ambaliyar da ke cika fadamu inda kifi ke hayayyafa ta ragu. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma sunayen ƙoto da lokacin kowanne suna bakin tsofaffin masunta ne. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su tura ɗalibansu wurin Sarkin Ruwa da jama'arsa, su rubuta kowane ƙoto da kifinsa da watansa, da lafazin Sakkwatanci yadda aka faɗa musu.